Daga Magami zuwa Burkusuma: Haƙƙin Wanda Aka Zalunta a Kan Baitulmali a Tarihin Gobir

A ƙarshen watan Satumba na shekarar 2021, 'yan bindiga suka auka wa sansanin haɗin gwiwa na jami'an tsaro da ke Burkusuma, a Ƙaramar Hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, suka kashe sojoji da 'yan sandan kwantar da tarzoma da jami'an Sibil Difens. A cikin wannan ƙaramar hukuma ne kufan Alƙalawa yake, birnin sarakunan Gobir da ya faɗi hannun masu jihadi a 1808. Wato ƙasar da ake kukan rashin tsaro a cikinta a yau ita ce ƙasar da aka fara yin muhawara mafi zurfi a tarihinmu game da abin da talaka yake bin hukuma. Wannan maƙala za ta bi sawun waccan muhawara don tabbatar da abu guda: a fahimtar malaman da suka kafa Daular Usmaniyya, tsaron talaka da fansarsa da ramuwar asararsa bashi ne a kan baitulmali, kuma ana tambayar shugaba yadda ya biya shi.

Buƙatun Magami da tuhumar Kitabul Farƙi

Wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami domin sallar Idi, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, ya ƙi karɓar nasa rabo, ya nemi a musanya masa da abubuwa biyar. Uku sun shafi wa'azi da mutuncin jama'arsa. Sauran biyun su ne a saki waɗanda ke tsare a kurkuku, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Mu lura da abin da ya faru a nan. Dukiyar da sarki ya miƙa wa malami daga aljihun talakawa ta fito, shi kuwa malamin ya mayar da ita ga masu ita ta hanyar neman sassauci. Masu tarihi sukan kawo wannan labari a babin zuhudun Shehu, amma wurinsa na gaskiya babin dukiyar jama'a ne.

Haka kuma abin da ya fasa ƙwai tsakanin Jama'a da Sarki Yunfa magana ce ta waɗanda aka zalunta. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta ci Gimbana, garin Malam Abdussalami da almajiransa, ta kamo mutane. Da aka biyo da su ta kusa da Ɗagel sai mutanen Shehu suka kwance su. Daga nan aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, sannan Tafkin Kwatto a watan Yuni.

A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya jera al'adun mulkin da yake suka, ya kira su da sunayensu na Hausa duk da cewa da Larabci yake rubutu: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, da kamuwa, wato ƙwace dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki, da gargaɗi, wato tilasta wa mutane fita yaƙi tare da cin tarar wanda ya ƙi. Bayan sukar sai ya kawo tsarin da ya kamata ya maye gurbi. Ya ce mulki yana tsayuwa a kan mataimaka huɗu: waziri amintacce, da alƙalin da zargin mai zargi ba ya kautar da shi, da shugaban 'yan sanda mai ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa daga mai ƙarfi, da mai tara haraji wanda ba ya zaluntar talakawa. Ma'aunin da ya ɗora wa ɗan sanda abin tsayawa ne a kai. Bai auna shi da yawan makamai ko kwarjinin ayarin sarki ba. Ya auna shi da abin da ya koma hannun mai rauni.

Game da kashe kuɗin baitulmali kuwa, malaman Sakkwato sun bi jerin da Ibn Juzayyi ya kawo a Alƙawaninul Fiƙhiyya. Shugaba zai fara da toshe kafofin da ake jin tsoron abokan gaba ta cikinsu da tsare iyakoki, da tanadin makamai da biyan mayaƙa. In an samu rara sai alƙalai da ma'aikata da ginin masallatai da gadoji, sannan a raba wa matalauta. Hatta ginin masallaci an jinkirtar da shi bayan tsaron iyaka. Da za a ɗauki wannan jeri a aza a kan taswirar Jihar Sakkwato ta yau, garuruwa irin su Burkusuma da Gatawa da Gangara ne za su kasance a layin farko na kasafi, tun kafin a zo kan manyan gine-ginen babban birni.

Kuɗin da aka ware ma ba a bar shi haka kawai ba. Tun ƙarni na 15 Shaihu Magili ya shawarci Sarkin Kano Muhammadu Rumfa da ya ƙididdige dukiyar ma'aikatansa kafin ya naɗa su, ya kuma riƙa bibiyar ayyukansu. Asalin wannan yana cikin hadisin Ibnul Lutbiyya, ma'aikacin zakka da ya dawo yana ware wani abu da sunan kyautar da aka yi masa, Annabi (SAW) ya yi masa hisabi, ya kuma hau mumbari ya bayyana wa jama'a hukuncin.

Daular ma ba ta tsira daga tuhumar ba

Ba adalci ba ne a nuna kamar da faɗuwar Alƙalawa komai ya daidaita. Wajen 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas saboda takaicin son duniya da ya gani a cikin jama'arsu, kuma a Kano, inda aka tsayar da shi, ya rubuta Liya'ul Hukkami. A 1817 Abdussalami, mutumin Gimbana da aka yi hijira a dalilin zaluncin da aka yi wa jama'arsa, ya yi tawaye a Kware, yana kukan rabon da aka ba shi da kuma zaluncin da ya ce yana gani a sabuwar hukuma. An murƙushe tawayen. Amma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya adana wasiƙun da suka yi musaya a littafinsa Sardul Kalami, har da zargin da aka yi wa gwamnatinsa. Ko mutum ya gamsu da amsoshin Bello ko bai gamsu ba, shugaban ya ga wajibi ne ya amsa a rubuce, ya kuma bar wa na baya su yi hukunci.

Iyakar Gobir ta ci gaba da zama wurin gwaji. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, hare-hare kuma suka ci gaba shekaru da dama. Maganin da Bello ya yi shi ne ribaɗi: garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, da mayaƙa mazauna, da gonaki da malamai. Ya tura 'ya'yansa su zauna a cikinsu, shi kansa ya tare a Wurno, a can ya rasu a 1837. Hikimar abin a fili take. Shugaban da iyalinsa ke kwana a bakin iyaka ba ya buƙatar a kawo masa rahoton halin da iyaka take ciki. Sabon Birni kanta a wannan yanayi aka haife ta wajen shekarun 1860, lokacin da Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa garinsa da yardar Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku.

Turawa suka zo suka raba Gobir biyu a farkon ƙarni na 20, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa hannun Ingila. Sun riƙe sunan baitulmali ga taskar En'e, dogarai da 'yan doka suka ci gaba da aiki ƙarƙashin sarakuna, da alherinsu da sharrinsu, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 da aka narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan tarayya. An yi hakan ne saboda yadda aka yi amfani da su wajen musguna wa 'yan adawa, kuma dalili ne mai ƙarfi. Sai dai ya bar wata tambaya: mutumin ƙauye da aka kashe wa ɗa, ƙofar wa zai buga? Ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiha, alhali kwamishinan 'yan sanda ga Sufeto Janar na Abuja yake amsawa.

Jaje da haƙƙi

A watan Mayu na 2020 an kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A Disamba na 2021 aka ƙona matafiya cikin motarsu a Gidan Bawa, 'yan sanda suka ce mutum 23 ne. A tsakanin nan rahotanni suka nuna 'yan bindiga na aza wa garuruwa haraji kafin su yi noma ko girbi, wanda shi ne kuɗin gari da kamuwa sun dawo a kan babur. Dubban mutane sun tsallaka zuwa yankin Gidan Runji a Jihar Maraɗi.

Abin da aka saba gani bayan kowane hari shi ne tawagar jaje da buhunan hatsi da wani abu na kuɗi, a kira shi tallafi. Kalmar kanta tana da nauyi, domin wanda aka tallafa wa godiya ake jira daga gare shi, ba ya tambayar ko an cika masa. Fiƙihu ya san wani abu dabam. Da aka tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahlu a Haibara, aka rasa hujjar da za ta tabbatar da wanda ya kashe shi, Annabi (SAW) ya biya diyyarsa raƙuma 100 don kada jininsa ya tafi a banza. Malamai sun yi saɓani kan ko wannan ya zama ƙa'ida ga duk wanda ba a san makashinsa ba, kuma mazhabarmu ta Malikiyya ba ta faɗaɗa a nan kamar wasu ba. Duk da haka hadisin ya nuna wa shugaba hanyar da aka bi.

Dokar ƙasa ma ta yi alkawari. Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne manufar farko ta gwamnati, amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta abin da ke cikin wannan babi. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta tanadi asusun amana na waɗanda ta'addanci ya shafa, kuma tun a Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. Ke nan mutanen Sabon Birni da Isa suna da hurumin tambayar abin da ya shiga wannan asusu da abin da ya iso gare su. A ɗaya ɓangaren kuma akwai kuɗin tsaro da ake ware wa shugabanni ba tare da binciken odita ba, wanda ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa ya kai kusan dala miliyan 670 a shekara a faɗin ƙasa. Babu mai musun cewa aikin tsaro yana buƙatar sirri. Amma sirrin dabara dabam, sirrin lissafi dabam, kuma ban ga inda Magili ko Abdullahin Gwandu suka keɓe wani kaso na baitulmali daga hisabi ba.

Mas'ala mafi wuya ita ce fansa. A Muhtasar na Halilu an jera ta haka: a fanshi kamamme daga baitulmali, in babu sai daga dukiyar Musulmi, in babu sai daga dukiyarsa. A yau an kifar da jerin. Iyali ke fara sayar da gona da shanu, sannan a yi karo-karo a masallaci, hukuma kuwa ta ce ba ta biya. A Afrilu na 2022 ma Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin hukunta mai biyan kuɗin fansa. Hujjar hukuma ba ta banza ba ce, domin kuɗin yau shi ne harsashin gobe, kuma malamanmu sun hango wannan: Halilu ya kawo zance biyu kan halaccin fansa da dawaki da kayan yaƙi, waɗanda babura da man fetur suka maye gurbinsu a zamaninmu. Sannan maganar tasa a kan wanda abokan gaba suka kama a yaƙi take, sai an yi hattara wajen ƙiyasta ta a kan 'yan fashi. To, amma nauyin kuɓutar da kamamme bai sauka daga wuyan shugaba don ya ƙi hanya ɗaya ba. In ya hana fansa, ceto ya hau kansa. A watan Yuli na 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, jama'a suka gan shi a bidiyo a ɗaure yana roƙon gwamnati, a watan Agusta kuma aka samu labarin rasuwarsa a hannun waɗanda suka kama shi. Allah ya jiƙansa.

Saura sulhu. An gwada shi a Katsina da Zamfara, musamman a 2019, kuma masu goyon bayansa sukan kafa hujja da aya ta 34 ta Suratul Ma'ida, wadda ta togace waɗanda suka tuba kafin a ci ƙarfinsu. Abin da Malikiyya suka fahimta daga ayar shi ne tuba tana kayar da haddin hiraba, wanda haƙƙin Allah ne, amma haƙƙoƙin bayi suna nan daram. Dukiyar da aka ƙwace sai an mayar, jinin da aka zubar kuwa maganarsa tana hannun waliyyan mamaci, su nemi ƙisasi ko su yafe. Gwamna na iya yafe abin da yake na hukuma. Shanun mutumin Kuzari da jinin matafiyan Gidan Bawa ba sa cikin abin da ya mallaka, saboda haka duk zaman sulhun da za a yi a gabashin Sakkwato yana buƙatar, kafin komai, rajistar sunayen waɗanda aka kashe da magadansu da ƙididdigar abin da aka ƙwace, gari bayan gari, da wakilin magadan zaune a wurin.