Kaskon Bonsai: Tarihin Yumɓu da Wuta Daga Sin Zuwa Japan

Da yawa daga cikinmu da zaman birni ya ɗauke, a Kano ko Kaduna ko Legas, mun taɓa shiga wani babban otal ko ofishi muka tarar da wata 'yar bishiya a kan tebur, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, amma ga gindi ga rassa kamar na tsohuwar tsamiya. Bonsai ake ce mata. Idon kowa a kan bishiyar yake sauka, ba a cika kula da kaskon da take ciki ba. Mu kuwa da muka tashi muna shan ruwan randa, muna ganin hayaƙin matoya a bayan gari, kaskon ya kamata mu fara duba, domin sunan ma da shi ya soma: a harshen Japananci bon na nufin faranti ko kasko, sai kuma na nufin shuka.

Asalin wannan al'ada daga ƙasar Sin yake, inda ake kiranta penjing. A kabarin Yarima Zhang Huai, wanda aka kammala a shekarar 706, akwai zanen bango da ke nuna bayi riƙe da faranti mai ɗauke da duwatsu da 'yan tsirrai. Daga can ta haye teku, har ta bayyana a wani zanen Japan na shekarar 1309. Sai dai shekaru aru-aru masu hannu da shuni na Japan ba su yarda da kaskon gida ba, na Sin suke nema, musamman na garin Yishin da ke lardin Jiangsu. Garin yana da wani yumɓu mai suna zisha, wanda ke fitowa daga wuta da launin ja-ja ko ruwan makuba, sumul, ba tare da an shafa masa komai ba. Tsofaffin kasaken da aka shigo da su tun kafin ƙarni na 19 har suna suka samu, kowatari, wato tsohuwar ƙetarawa, kuma har gobe ana sayen su da tsadar gaske.

Garin da ya karɓi wannan sana'a a Japan shi ne Tokoname, a bakin teku, kudu da birnin Nagoya. Tun ƙarni na 12 ake toya tukwane a wurin, yana kuma cikin tsofaffin matoya shida da Japan ke alfahari da su. Abin da ya fi jan hankalinmu a tarihinsa shi ne yadda maginansa suka riƙa sauya abin da suke ginawa ba tare da sun saki yumɓun ba. Da farko manyan randuna suke yi. Da zamani ya zo da magudanun ruwa a ƙarshen ƙarni na 19, sai suka koma yin bututun ƙasa. A shekarar 1878 aka gayyato wani gwani daga Sin, Jin Shiheng, ya koya musu ginin butar shayi irin ta Yishin. Babbar matoyarsu mai hawa-hawa a jikin tudu, wadda aka gina a 1887, ta yi aiki har 1974. A ƙarni na 20, da sha'awar bonsai ta yaɗu, har aka buɗe babban bajekolinta na Kokufu a Tokyo a 1934, sai Tokoname ta zama garin da aka fi sani da kaskon bonsai a Japan.

Ginin kaskon ba ƙaramin aiki ba ne, ko da yake a ido kamar faranti ne mai kusurwa huɗu. Magini yakan murza yumɓu ya zama faifai mai kauri ɗaya, ya yanka gindi da bango, ya haɗa su da hannu, ko kuma ya danna faifan cikin mazubi na filasta. Sa'annan ya ɗora 'yan ƙafafu domin iska ta ratsa ta ƙasa, ya huda manyan ramukan fitar ruwa, da ƙanana waɗanda za a zura waya a ɗaure saiwa. Tun daga nan sai ya yi lissafi, domin yumɓu yakan tsuke da kimanin kashi ɗaya cikin goma tsakanin bushewa da toyi. Duk wanda ya san sana'ar ya san abu mai faɗi ya fi abu mai zagaye gardama: tulu yakan riƙe kansa, amma shimfiɗaɗɗen gindi yana iya lanƙwashewa ko ya tsage a kusurwa in aka gaggauta shi. Saboda haka a inuwa ake busar da shi, a lulluɓe, har tsawon makonni. Bishiyar ma tana da nata sharaɗin. Ƙa'idar da masu abin suka saba bi ita ce tsawon kasko ya kai kashi biyu cikin uku na tsayin bishiya, zurfinsa kuma ya yi daidai da kaurin gindinta.

A wajen wuta ne hanyarsu ta rabu da tamu. Tukwanenmu a fili ake toya su, da kara da itace da ciyawa, zafin bai cika wuce digiri 900 ba, shi ya sa randa take tsattsafo, tsattsafon nan kuwa shi ke sanyaya ruwa. Abin da muke yabo a randa shi ne aibu a kaskon bonsai, domin a waje yake kwana a ƙasar da ruwa ke daskarewa; in ya sha ruwa a jikinsa, ƙanƙara za ta fasa shi. Don haka ake kai shi digiri 1,200 ko fiye, har yumɓun ya haɗe kamar dutse.

Ƙyallin da ake gani a jikin wasu kasaken ba fenti ba ne, kuma ba irin makubar ɗorawa ba ce da ake yayyafa wa tukunya tana da zafi. Gilashi ne na gaske da ya narke a jikin yumɓu. Ana niƙa dutse mai yashi, a haɗa da yumɓu kaɗan don ya kama jiki, a ƙara tokar itace ko farar ƙasa don ya yi saurin narkewa, a dama da ruwa kamar kunu. Kaskon da aka riga aka yi wa toyin farko shi ake tsomawa ko a kwarara masa, sannan a mayar da shi wuta. Launi daga ma'adinai yake: kobal yana ba da shuɗi, jan ƙarfe yana ba da kore in wutar ta wadatu da iska, amma in aka toshe iskar sai ya koma ja. Magini ba ya ganin sakamakon sai ya buɗe matoya. Cikin kasko kuwa da ƙasan ƙafafunsa ba a shafa musu komai. Akwai kuma ladabi a zaɓin: bishiyoyin da ba sa zubar da ganye, irin su fir da dangoginsa, kasko marar ƙyalli ake ba su, mai ƙyalli kuwa na masu fure da 'ya'ya ne.

Wannan ilimi na wuta mai zafi ya iso ƙasarmu, ta wata doguwar hanya. Bernard Leach, Baturen Ingila da ya koyi gini a Japan, ya koma gida a 1920 tare da abokinsa Shoji Hamada suka kafa matoya a St Ives. Almajirinsa Michael Cardew shi ne ya zo Nijeriya a 1950, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya fara ganin tukwanen Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954. Ta ci gaba da gina randunanta da hannu yadda ta gada, da zanen ƙadangare da kunama da kifi, sai dai yanzu ana shafa musu ƙyalli a toya su da wuta mai tsanani. Sun kai London, sun sa hotonta ya hau takardar naira 20, amma sun yi nauyi, sun daina tsattsafo, ba mai zuba musu ruwan sha.

A Tokoname ma ba a rasa damuwa ba. Manyan maginan kaskon sun tsufa, magadansu kaɗan ne, kasake masu araha daga masana'antun Sin kuma sun cika kasuwa, kamar yadda roba ta cika tamu. Abin da ya rage musu shi ne hatimin da kowane magini ke bugawa a ƙasan kaskonsa, wanda mai saye a Turai ko Amurka yakan kifa kaskon ya duba kafin ya tambayi kuɗi.