Daga Ayarin Gishiri zuwa Tseren Keke: Tarihin Horar da Zuciya

Duk malamin da ya taɓa koyarwa a ƙasar Madawa, Buza ko Keita ya san wannan hoto: da sanyin safiya ɗalibi ya taso daga ƙauyensu bisa tsohon keke, iskar hunturu tana dukan fuskarsa, hanya kuwa duwatsu ne da rairayi. Shekara da shekaru ina kallon irin waɗannan yara suna isowa ƙofar lakwal, na kuma lura cewa mai isowa kan lokaci kullum ba lalle ne ya fi sauran ƙarfin ƙwauri ba. Akwai wani abu a ransa da ke hana shi sauka in hanya ta yi tudu. Bahaushe na kiran wannan abu juriya ko jimiri, shi ne kuma masu horar da ƴan tseren keke da ƴan gudun dogon zango ke wahalar ginawa a yau. Nufina in nuna cewa ƙasarmu ta daɗe da makarantar wannan horo, ga ta kuma tana gab da mantawa da ita.

Mu fara daga gida. Azarori na ɗaya daga cikin mazaunan sarautar Kel Geres, Abzinawan da suka gangaro daga Abzin a ƙarni na 18 suka zauna a wannan yanki. Da raƙumansu ne gishirin Tigidda da na Bilma ke shiga kasuwannin ƙasar Hausa har Sakkwato. Tafiyar Bilma ita ce babbar jarrabawa. Tsakanin Agadas da Bilma akwai wajen kilomita 600, mafi yawansu cikin Tenere, inda babu ciyawa babu inuwa, rijiyoyi kuwa ƴan kaɗan ne kafin a kai Fashi. Ayari kan tashi bayan damina, a yi ta tafiya tun safe har cikin dare ba tare da an durƙusar da raƙumi ba, abinci ma bisa tafiya ake cinsa. Bajamushen nan Heinrich Barth ya bi ayarin gishiri daga Abzin a ƙarshen 1850, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. Haka nan a da fataken goro ke shafe watanni tsakanin Kano da Gwanja, ƙarƙashin madugu da jagaba.

Me yaro ke koya in an ɗauke shi wannan tafiya karon farko? Na farko, ba a ɗora wa zuciya dukan hanya gaba ɗaya. Ana raba ta zango-zango, hankali na kan rijiya ta gaba, shi ya sa ake cewa tafiya sannu-sannu kwana nesa. Na biyu, lissafi: an san salka nawa ce za ta kai, ana kuma ajiye daman ciyawa a hanya domin dawowa. Na uku, ba a barin mutum shi kaɗai da tunaninsa. Wanda ya fara gyangyaɗi ko ya yi shiru fiye da kima, akwai mai jan sa da hira ko waƙa. Babu wanda aka haifa da waɗannan halaye. Koyon su ake yi, tafiya bayan tafiya, a gaban manya.

Ilimin zamani ya jima kafin ya iso nan. An daɗe ana ɗaukar gajiya a matsayin al'amarin tsoka da huhu kawai. A ƙarshen shekarun 1990 ne masanin nan na Afirka ta Kudu, Tim Noakes, ya kawo ra'ayin cewa ƙwaƙwalwa ce ke rage wa jiki gudu tun kafin ƙarfinsa ya ƙare, domin ta kare shi. A 2009 Samuele Marcora da abokan aikinsa na jami'ar Bangor a Birtaniya suka sa mutane aikin kwamfuta mai gajiyar da tunani na minti 90, sa'an nan suka ɗora su bisa keken gwaji. Sai suka sare da wuri, da misalin kashi 15 cikin 100, alhali bugun zuciyarsu bai nuna wani bambanci ba. A 2014 wani gwaji na wannan rukuni ya nuna cewa waɗanda aka koya wa faɗa wa kansu kalmomin ƙarfafa gwiwa sun ƙara jimawa bisa keken da kashi 18 cikin 100.

Wannan na ƙarshe ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa zama filin kokowa. Tun daga 1975, da aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maradi ya zama zakara, ƴan Nijar ke jin ƴan kokowa suna yi wa kansu kirari kafin a kama. Mukan ɗauka don abokin karawa ake yi, amma kunnen farko da kirari ke shiga shi ne na mai yin sa.

A fagen duniya ma misalai suna nan. A gasar Olimpik ta Meziko a 1968, John Stephen Akhwari na Tanzaniya ya faɗi ya ji rauni a gwiwa cikin gudun famfalaƙi, amma ya ƙarasa, fiye da awa guda bayan na farko. A London a 2012, ɗan ƙasarmu Hamadou Djibo Issaka, wanda ƴan watanni kawai ya yi yana koyon tuƙin kwalekwalen tsere, ya zo na ƙarshe a mita 2000, jama'a suna yi masa tafi saboda bai ajiye filafili ba. A 2024 Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango 3 a tseren keke na zagayen Faransa, ya tafi da koriyar riga. A 2025 kuma aka yi gasar keke ta duniya a Kigali, karo na farko a Afirka.

Sai dai tarihi yana da gargaɗi. Ranar 13 ga Yuli 1967, ɗan tseren Ingila Tom Simpson ya rasu yana hawan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi, aka kuma sami ƙwayar ƙara kuzari a jikinsa. Ƙwayar ta toshe masa muryar da ke cewa a tsaya. A 2019 hukumar tseren keke ta duniya ta haramta tramadol a lokacin gasa. Wannan ita ce tramol ɗin da muka sani, wadda wasu samarinmu ke haɗiya domin su jure noma ko kabu-kabu. Madugu ba ya taurin kai da ƙishirwa: in ruwa bai kai ba, ba a tashi. Juriyarsa ta ji ce da lissafi, ta ƙwaya kuwa kurumta ce.

A nan ne nauyi ya hau kanmu, mu malamai da ƙungiyoyin al'adu. Motoci sun rage yawan ayari, dattawan da suka taka Tenere da ƙafarsu kuma suna ƙarewa. Ya kamata mu je mu zauna gabansu a Azarori da Galma, mu rubuta yadda aka koya musu haƙuri da ƙishi da barci, da Hausa da Tamajaƙ, mu kawo shi aji. In mun shirya tseren keke ko na gudu tsakanin makarantu, a yi shi da sassafe, a tanadi ruwa, a koya wa yara raba hanya zango-zango, kowa ya tsara kirarinsa, a kuma karrama wanda ya ƙarasa kamar yadda ake karrama wanda ya ci. Yaron da ya koyi haka bisa keke zai buƙace shi ranar jarrabawa, da shekarar da damina ta ƙi.