Unguwannin Hausawa a Fatakwal da Anacha da Inugu

Unguwannin Hausawa na Gabashin Nijeriya, waɗanda Ibo ke kira Ama Awusa ko Ogbe Awusa, fatauci da farauta ne suka kafa su, domin tun ƙarshen ƙarni na 19 maharban giwa daga Arewa suka sauka a Elele, kusa da inda Fatakwal take a yau, fatake kuwa suna bin kogin Kwara zuwa kasuwar Anacha. Bayan da aka gano kwal a ƙasar Udi a 1909, aka kafa Fatakwal don fitar da shi, hanyar jirgin ƙasa kuma ta haɗa ta da Inugu a 1916, sannan gadar Makurɗi ta 1932 ta sadar da Gabas da Arewa, sai cinikin shanu ya bunƙasa, zanguna suka zama unguwanni.

A wancan zamani, al'amuran kowace unguwa suna hannun Sarkin Hausawa, wanda yake saukar da baƙo, ya tsaya wa dillali, ya sasanta rigimar bashi ko ta aure tare da liman, alhali hukuma ba ta san jama'ar ba sai ta bakinsa. Dokar ƙananan hukumomi ta 1950, wadda ta kawo wa Jihar Gabas majalisun gundumomi irin na Ingila, ta buɗe wata ƙofa, wato ƙuri'a, kuma ta nan ne Malam Umaru Altine, Bafillace ɗan Sifawa ta ƙasar Sakkwato, mai fataucin shanu, ɗan jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, ya hau har ya zama Magajin Garin Inugu na farko a 1956. Wannan abu ya cancanci a riƙa tunawa da shi, domin akasarin waɗanda suka zaɓe shi Ibo ne.

Sha'anin ilimi shi ne ya fi wuya. A lokacin, makarantun boko na ƙasar kusan duk na mishan ne, kamar DMGS ta 1925 da CKC ta 1933 a Anacha, saboda haka iyaye, don gudun kada a taɓa aƙidar 'ya'yansu, suka tsaya ga makarantar allo ta zauren malam, inda yaro ke wanke allonsa da hantsi kafin ya bi mahaifinsa kara. Mai neman fiƙihu da nahawu kuwa sai a tura shi Kano ko Zariya. Addini ya tsira da haka, amma unguwannin sun daɗe ba su da akawu ko lauya nasu.

Fitinar 1966 da yaƙin basasa sun watse unguwannin ƙaf. Daga 1970 jama'a suka komo, suka tayar da masallatai, suka buɗe Islamiyyu masu haɗa Alƙur'ani da boko, kasuwar shanu kuma ta zauna a Garki ta Awkunanaw a Inugu.