Mai Sharhin Da 'Yan Wasa Suka Rufe Wa Baki

A ranar 22 ga Afrilu, 1767, aka buɗe wani gidan wasan kwaikwayo a birnin Hamburg da ke arewacin Jamus. A lokacin Jamus ba ta zama ƙasa ɗaya ba, tarin masarautu ce da birane masu cin gashin kansu. 'Yan wasan da ke magana da Jamusanci yawo suke yi gari-gari don neman abin sakawa a bakin salati, su kuwa sarakuna sun fi ɗaukin abin da ya fito daga Faransa da Italiya. Wannan ne ya sa wasu masu hannu da shuni su goma sha biyu, da wani ɗan kasuwa mai suna Abel Seyler a gabansu, suka haɗa jari don kafa gidan wasa na dindindin, wanda suka kira na ƙasa, inda 'yan wasa za su zauna wuri guda suna karɓar albashi.

Sun kuma yi wani abin da ba a saba ba: suka ɗauki mai sharhi aiki. Mutumin shi ne Gotthold Ephraim Lessing, wanda aka haifa a 1729, kuma ya riga ya yi suna a rubutun wasa. Da farko so suka yi ya riƙa rubuta musu sababbin wasanni, ya ƙi. Abin da ya yarda da shi shi ne ya kalli duk wasan da aka yi, ya rubuta sharhi a kansa, a riƙa bugawa sau biyu a mako. Waɗannan rubuce-rubuce ne aka tara daga baya da sunan Hamburgische Dramaturgie.

Tun a sanarwar farko Lessing ya yi alkawarin bin diddigin aiki biyu, na marubuci da na ɗan wasa, ya kuma nuna inda suka bambanta. Rubutaccen wasa yana nan a takarda, ana iya komawa gare shi ko bayan shekara ɗari. Aikin ɗan wasa kuwa wucewa yake yi a gaban idon mai kallo, da an tashi daga kallo ya tafi ke nan. A zamanin da babu kyamara, alƙalamin wanda ya gani da idonsa ne kaɗai ke iya riƙe wani abu daga cikinsa.

A makonnin farko ya cika alkawari. Ya bayyana yadda Konrad Ekhof, gwanin 'yan wasan Jamus na lokacin, ke furta kalaman hikima kamar daga zuciyarsa suke fitowa, ba haddacewa ya yi ba, ya kuma yi dogon bayani a kan yadda motsin hannu ya kamata ya raka magana. Da Sophie Hensel ta fito a matsayin yarinyar da ke kan gargarar mutuwa a Miss Sara Sampson, wasan da shi kansa ya rubuta, ya lura da wani ɗan motsi da yatsunta suka yi suna tsinkar tufafinta, irin wanda ake gani a jikin mai barin duniya. Yau fiye da shekara 250 ke nan, amma har yanzu muna iya ganin waɗannan yatsu, saboda mutum ɗaya ya zauna ya kalla da kyau ya rubuta.

Sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Albashin Lessing daga gidan yake fitowa, waɗanda yake auna aikinsu kuma abokan aikinsa ne. Wata 'yar wasa, Susanne Mecour, tun farko ta kafa sharaɗin kada a ambaci sunanta ko da yabo ne. Ita kuwa Hensel, wadda ke da faɗa a ji a gidan, ta fusata da wani sharhi da ya yaba gwanintarta amma ya nuna cewa matsayin da aka ba ta a wani wasa ya yi mata kaɗan. Daga sharhi na 25, Lessing ya daina magana a kan 'yan wasa.

Da aka toshe masa wannan ƙofa, sai ya koma kan rubutun wasannin. Ya caccaki manyan marubutan Faransa irin su Corneille da Voltaire, yana cewa sun riƙe ƙa'idojin Aristotle a baki amma ba su fahimce su ba. Ya ɗaga Shakespeare na Ingila a matsayin abin koyi. Ya yi dogon nazari a kan tausayi da tsoro, abubuwan da wasan ban-tausayi ke tayarwa a zuciyar mai kallo. Wannan ɓangare ne ya sa littafin ya shahara, har sunan aikin da ya riƙe, wato dramaturg, ya zama muƙami a gidajen wasan Jamus zuwa yau.

Amma mu duba abin da aka rasa. Sharhi 104 ya rubuta, duk da haka bai wuce darare 52 na farko ba, mafi yawansu kuma babu labarin abin da ya gudana a kan dandamali. Littattafan Corneille da Voltaire suna nan, kowa na iya sukar su a kowane ƙarni. Abin da Ekhof da Hensel suka yi a sauran dararen kuwa, mutumin da ya fi kowa iya gani yana zaune a wurin, bakinsa a rufe. Da suka hana shi magana don gudun suka, tarihin gwanintarsu suka yanke da hannunsu.

Gidan ma bai daɗe ba. 'Yan kallo ba su taru yadda aka zata ba, jari ya ƙare, masu satar ɗab'i a Leipzig suka riƙa buga sharhin Lessing suna sayarwa ba da izininsa ba. A 1769 kamfanin ya rushe, a shekarar kuma littafin ya fito cikin juzu'i biyu. A 1770 Lessing ya koma aikin kula da ɗakin karatu a Wolfenbüttel.

Labarin ba baƙonmu ba ne. Muna da Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Makarfi, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, duk a rubuce. Amma idan muka tambayi wane ne ya fito a matsayin Jatau a wata makaranta, yaya ya yi tafiya, a ina 'yan kallo suka fashe da dariya, a ina suka yi tsit, sai mu tarar amsar tana bakin dattawan da suka halarta, ta kuma fara bin su zuwa kabari. Yanzu muna da waya mai ɗaukar bidiyo, amma bidiyo ba ya gaya mana ko abin da aka yi ya yi kyau, da dalilin kyansa.

Sharhin da ke yawo a shafukanmu na intanet kuwa sau da yawa daga aboki yake fitowa, ko daga wanda aka gayyata aka karrama, alhali in baki ya ci, ido kan ji kunya. Duk ranar da muka je kallon wasa da niyyar rubutu, mu sayi tikitinmu da kuɗinmu, mu rubuta ranar da wurin da sunayen waɗanda suka fito, mu faɗi abin da hannu da murya da fuska suka yi, inda ya yi daɗi da inda ya gaza. Ɗan wasan da ya ji zafin sharhin yau, da shi jikokinsa za su san yadda ya tsaya a kan dandamali.