Iyaye da Abincin Rana a Makarantun Ingila, 1906 zuwa 2014

Tun shekarar 1880 aka tilasta wa yara zuwa makaranta a Ingila, amma ba a tanadi abin da za su ci ba. Malamai suka riƙa kukan cewa 'ya'yan talakawa su kan zo da yunwa, karatu kuwa ba ya shiga kan mai yunwa. Gwamnati ba ta farga ba sai lokacin Yaƙin Bowa na 1899 zuwa 1902, sa'ad da likitoci suka ƙi samari da yawa masu neman shiga soja saboda rama da rashin ƙarfi.

Birnin Bradford shi ya fara nuna hanya. A can wata mace mai suna Margaret McMillan, wadda aka zaɓa cikin hukumar makarantu a 1894, da Fred Jowett na majalisar gari, suka dage cewa wanda ya tilasta karatu shi ne ya kamata ya ciyar. A 1906 Majalisar Dokoki ta ba hukumomin garuruwa izinin ƙara sisin kwabo a kan kowane fam na harajin gidaje don ciyad da yara mabukata. Dokar Ilmi ta 1944 ta mai da wannan izini wajibi, aka kuma ƙayyade abin da kowane kwano zai ƙunsa na gina jiki.

Wannan tsari ya ɗore har 1980, sa'ad da gwamnatin Margaret Thatcher ta soke ƙa'idodin gina jiki, ta bar wajibin ciyarwa ga 'ya'yan matalauta kaɗai. A 1988 kuma aka tilasta wa hukumomi su sa aikin dafuwa a kasuwa, 'yan kwangila su yi takara. Da ya ke mai araha shi ke cin kwangila, sai aka rufe ɗakunan girki da yawa, aka sallami kukawa, soyayyen dankali da niƙaƙƙen nama mai kitse suka maye gurbin dafaffen abinci.

A 2005 wani kuku mai suna Jamie Oliver ya nuna a talabijin abin da yara ke ci a makarantun Greenwich, inda kuɗin cefanen kwano guda bai wuce kwabo 37 ba, alhali kwabo 100 ke yin fam. Iyaye suka ga da idonsu abin da su ke biya wa kuɗi ba su sani ba. Mutum fiye da 270,000 suka sa hannu a takardar koke, aka kai ta ofishin Firayim Minista Tony Blair a watan Maris, gwamnati ta yi alkawarin fam miliyan 280.

Aikin da ya fi wuya iyaye ne suka yi shi a unguwanninsu. A gundumar Merton ta birnin Landan suka kafa ƙungiya, suka tara hotunan abincin da a ke ba yara, suka baje su gaban mashawartan gari, har aka yarda a gina ɗakunan girki a makarantun firamare da dama. Daga Satumba 2006 sababbin ƙa'idodi suka hana alewa da lemon kwalba, suka ƙayyade suya cikin mai sau biyu a mako, suka wajabta ganye da 'ya'yan itace kullum.

Sai dai bakin iyaye bai zama ɗaya ba. A cikin watan nan a Rawmarsh, kusa da Rotherham, waɗansu mata suka riƙa miƙa wa yara abincin kanti ta tsakanin ƙarafan shinge, suna cewa yaran sun ƙi sabon abincin, an kuma hana su fita waje su saya. A makarantu da yawa masu cin abincin makaranta suka ragu da farko, gama harshen da ya saba da maiƙo shekara ashirin ba ya juyawa rana ɗaya. Duk da haka, binciken da Michèle Belot da Jonathan James suka buga a 2011 ya nuna cewa a Greenwich fashin makaranta ya ragu, sakamakon jarrabawa kuma ya ƙaru.

A 2014 aka fara ba dukkan yaran ajujuwa uku na farko abincin rana kyauta, ko ɗan mai kuɗi ko ɗan talaka. Abin lura shi ne, a 1906 hukuma ce ta shiga tsakanin yaro da yunwa, amma a 2005 iyaye ne suka tilasta wa hukuma ta gyara abin da ita kanta ke zubawa a kwanon yaro.