Makomar Ungulu Tana Kasuwa, Ba Gandun Daji Ba

Idan aka yi maganar kare namun daji a Jamhuriyar Benin, hankali kan tafi arewa, gandun Pendjari da ƙungiyar African Parks ta karɓi ragamarsa a 2017. Sai dai akwai halittar da sintirin gandu ba zai cece ta ba, wato ungulun gari, wadda ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya cikin masu dab da ƙarewa a 2015. Abincinta na mayanka da juji, inda mahauta ke watsar da hanji da jini, kuma kanta da fikafikanta kan ƙare a rumfunan masu magani a Dantokpa, kasuwar da ba ta da nisa da Zangon Kwatano.

Yanayin haihuwarta ne ginshiƙin hujjar. Ƙwai ɗaya take sakawa, ta yi kwanci kusan kwana 50, ɗan kuma ya kwashe shekaru kafin ya soma haihuwa. Tsuntsu irin wannan yana dogara ne da tsawon ran manya, don haka kashe babba ɗaya ya fi lalacewar sheƙa ɓarna nesa ba kusa ba. Ga kuma ɗabi'ar taruwa a kan mushe, wadda ke sa guba ɗaya ta hallaka garke: a Gini Bisau an rasa fiye da 2,000 a 2020.

Wani zai ce doka ta wadatar, tunda Benin tana da dokar namun daji mai lamba 2002-16. Amma kame kaɗai tura hajar yake ƙarƙashin tebur, farashi ya hau, mafarauci ya ƙara ƙaimi. Wani kuma zai ce raguwar abinci ce sanadi, domin mayankar zamani rufaffiya ce. Da gaskiyarsa, sai dai yunwa a hankali take rage ungulu, guba kuwa dare ɗaya.

A nan Zango yake da rawar takawa. Fataucin da ya haɗa Kwatano da Kano da Maraɗi tsohon abu ne, kuma bai kamata a shafa wa kowane ɗan kasuwa kashin kaji ba. Sarkin fawa da limamai da shugabannin masu maganin gargajiya sun fi jami'in gandu sanin mai kawowa da mai saye. Mahauta kuwa, da suke ganin tsuntsayen kullum da sassafe, su ya dace a danƙa wa ƙidayarsu wata-wata, a kuma biya su ladan aikin.