Itacen Lalle a Ƙauyukan Hausawa na Bakin Shuɗin Nilu: Tarihinsa da Hikimar Datse Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san lalle a tafin hannu da na ƙafa, ya san shi a ranar kamu da ranar Salla, amma kaɗan ne suka tsaya suka dubi itacen da ganyen yake fitowa daga jikinsa. Wannan muƙala ta waiwayi itacen ne shi kansa: inda sunansa ya samo asali, yadda Hausawan da suka yi ƙaura zuwa Sudan suka sake haɗuwa da shi a yankin Sinnar da Abu Hujar, da kuma dalilin da ya sa darajarsa take rataye a hannun mai datse masa rassa. Lallen da aka bari ya yi yadda ya ga dama itace ne mai ƙaya mai ƙarancin ganye. Wanda ake yi wa aski a kan kari shi ne yake ba da ganyen da yake kama jiki.

Asalin sunan da daɗewar itacen

A Hausa akwai kalmomi biyu da ake rubutawa iri ɗaya, wato lalle na ƙunshi da lalle na tabbatarwa, wanda wasu suke rubuta shi lallai. Karin sauti ne yake raba su a baki. Masana harshe suna danganta sunan itacen da kalmar Buzaye anella, kuma ana jin 'yan'uwanta a bakin maƙwabta: Barebari suna cewa nalle, Yarbawa suna cewa lali. Wannan yana nuna cewa sunan ya biyo hanyar fatake ta Sahara ne ya shigo ƙasar Hausa, sannan ya gangara kudu.

Itacen ya daɗe a Afirka ta Yamma. A littafin da malamin Andalus, Al-Bakri, ya kammala a 1068, ya ambaci gonakin lalle masu yawan amfani a birnin Audagust, wanda kufansa yake cikin Muritaniya ta yau. A kwarin Nilu kuwa ya fi haka daɗewa nesa ba kusa ba, domin binciken da aka yi wa gawar Fir'auna Ramsis na Biyu ya nuna an rina gashinsa da lalle. Musulunci ya ƙara masa martaba. Ya tabbata a littattafan hadisi cewa Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, yana rina furfurarsa da lalle haɗe da wani ganye da ake kira katam, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi bayanin amfaninsa na magani a cikin Zadul Ma'ad. A ƙasar Hausa ya zama ginshiƙin bikin aure, kamar yadda ya fito a tarihin rayuwar Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954.

Hausawa a bakin Shuɗin Nilu

Tun zamanin daular Funj ta Sinnar, wadda ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821, maniyyata daga yamma suke ratsa Sudan a ƙasa zuwa Makka, wasu su yada zango su yi noma su tara guzuri. Babbar ƙaurar ta zo ne bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita da jama'arsa ya nufi gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka saura, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da garin Sinnar, a wajejen 1906. Garin da suka kafa yana amsa sunan Mai Wurno har yau.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gandun auduga na Jazira, sai buƙatar 'yan ƙwadago ta jawo ƙarin Hausawa da Fulani da Barebari. Daga nan ƙauyuka suka yi ta bin kogi suna yin kudu, ta Sinja da Abu Hujar har zuwa Rusairis da Damazin. An san Hausawan wannan yanki da su da kuma noman lambu a gaɓar kogi, ƙasar da Larabawa suke kira jarf, wadda ambaliyar watan Agusta take lulluɓewa da sabuwar laka, idan ruwa ya janye a shuka ta.

Waɗannan baƙi sun tarar da lalle ya riga su zama a Sudan da sunansa na Larabci, hinna, kuma garin Damar da yake arewa da Khartum ya yi suna a kansa. Sun zo da saninsa da kuma sunan da suka gada, don haka al'adu biyu suka haɗu a kan itace guda. Bahaushiya ta saba da ƙunshi, a lulluɓe ƙafa da ganye da tsumma, a zura hannu a zunguru, a kwana a tashi da ja. Matan Sudan kuwa sun fi son lalle mai duhu, kuma a wajensu ango ma akan sa masa a daren biki. Daga baya salon Sudan ya bi sawun mahajjata ya dawo yamma, tare da dilka da halawa da mahallabiya da ake ji yau a gidajen gyaran amare na Maiduguri da Kano.

Akwai wani abin lura game da shuka itace a wurin mai ƙaura. C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 kan mutanen Afirka ta Yamma mazauna Jazira, ya nuna cewa da yawansu suna ɗaukar kansu matafiya ne a kan hanyar Makka ko da kakanninsu ne suka sauka a wurin. Gero da kuɓewa amfanin shekara guda ne, matafiyi yana iya shuka su ya girbe ya ƙara gaba. Lalle kuwa yana kai shekaru masu yawa a raye, kuma yana neman hannu kowace shekara. Wanda ya dasa shi a tsakar gida ya amince a ransa cewa baɗi ma yana nan.

Kuskuren Linnaeus da abin da ya koyar

A 1753 masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya ba lalle sunan kimiyya Lawsonia, don karrama abokinsa Isaac Lawson, wani likita ɗan Sikotland. Sai dai ya raba shi gida biyu, ya kira ɗaya inermis, ma'ana marar makami, ɗayan kuma spinosa, ma'ana mai ƙaya. Waɗanda suka zo bayansa sun gano cewa itace ɗaya ne. Yana ƙarami rassansa lumus suke, idan ya tsufa sai ƙarshen ƙananan rassan su bushe su yi tsini kamar ƙaya.

Wannan shi ne tushen hikimar datsa. Sinadarin da yake rina fata, wanda masana suke kira losin, yana cikin ganye, kuma bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin busasshen ganye ba. Ya fi yawa a sabon toho. Idan aka kwaɓa garin ganyen aka shafa, sinadarin yakan kama saman fata da farce da gashi ya zauna, ba ya fita sai fatar ta saɓe ko farcen ya girma. Itacen da aka bari yakan kai tsawon mita 6, ƙarfinsa ya tafi ga kauri da ƙaya da 'ya'ya, ganyensa ya ƙanƙance. Wanda ake datsewa kullum yana komawa ƙuruciya, kowane reshe da aka yanke ya fito da wasu da dama. Masu iya magana sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi lalle aski ne yake hana shi barin ɗanyantaka.

Yadda ake kula da shi

Ƙasar Jazira da Sinnar baƙar laka ce mai tsagewa da rani, mai kanwa a jikinta. Furannin da mutanen Ingila suke tinƙaho da su a lambunansu, irin su azaliya, ba su da wurin zama a nan, domin suna son ƙasa mai tsami da sanyi da inuwa. Lalle kuwa yana son rana tsantsa da zafi, yana jure kanwar ƙasa, yana jin daɗin laka mai riƙe danshi muddin ruwa bai kwanta a gindinsa ba. Shi ya sa a gidan da babu famfo wurin da ya fi dacewa da shi shi ne kusa da inda ake alwala ko gindin randa, inda ragowar ruwa yake malala ya wuce.

Ana samun sa ta hanya biyu. Irinsa ƙanana ne masu tauri, sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin su tsiro. Hanya mafi sauƙi ita ce a yanko reshe mai ƙwari kamar tsawon taƙi ɗaya, a zage ganyen ƙasa, a soka shi a ƙasa mai laima a farkon damina, wadda a yankin Abu Hujar take kamawa daga Yuni zuwa Oktoba. Da haka maƙwabciya take ba maƙwabciya iri.

Datsa kuwa iri uku ce, gwargwadon abin da ake nema. Mai neman ganye da yawa yakan yanke dukkan rassa kusa da ƙasa, ya bar kututture gajere ya sake tohowa. Haka manoman Sojat a jihar Rajastan ta Indiya suke yi bayan damina kowace shekara, kuma daga can ne mafi yawan lallen Indiya yake fitowa. Mai neman shinge yakan daidaita kansa a tsawon ƙirji, ya riƙa rage saman da gefe, ya bar ƙasan ya fi saman faɗi don rana ta samu ganyen ƙasa. Mai neman fure kuwa dole ya sassauta hannu, domin furen lalle, wanda Larabawa suke kira fagiya, yana fita ne a ƙarshen sabon reshe. Fari ne ƙanana a dunƙule, ƙamshinsa yakan cika gida da dare. Wanda ya yi aski kafin fure ya buɗe ya zubar da ƙamshin shekararsa. Sai a jira furen ya kaɗe, sannan a yanke kan kafin 'ya'ya su ƙosa su shanye ƙarfin itacen.

A kowane hali ana son wuƙa ko lauje mai kaifi, domin dakusasshen ƙarfe yakan tsaga reshe ya buɗe wa ruɓa ƙofa. Ana fara cire busassun rassa da masu gugar juna. Ba a yin babbar datsa a tsakiyar bazara ga itacen da ba a ba shi ruwa, sai dai gab da saukar damina ko bayan ɗaukewarta ƙasa tana da sauran laima. Rassan da aka yanke a shanya su a inuwa, domin rana takan ƙona ganyen ta rage masa kamu. Idan sun bushe sai a kakkaɓe, a daka a turmi, a tankaɗe, a adana garin inda haske da danshi ba su kai.

Abin da aka rasa da aka bar itacen

A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 kwalliyar baƙin zane ta bazu, aka fara haɗa lalle da sinadarin rina gashi mai suna PPD, wanda yake baƙanta fata cikin ɗan lokaci. Dangin wannan ne ake kira dayis a ƙasar Hausa. Sauƙin ya zo da tsada. Wani rahoton likitoci da aka buga a 1992 ya kawo labarin yara 31 da aka kwantar a Khartum tsakanin 1984 da 1989 saboda gubar wannan haɗi, 13 daga cikinsu suka rasu. Sinadarin yana kumbura maƙogwaro ya toshe numfashi, yana lalata ƙoda, a fata kuma yana haddasa ƙuraje da tabo. Matar da ta tsinko ganye daga itacen gidanta ta daka da hannunta ta san abin da take shafa wa 'yarta. Duk da haka, ko tsantsar lalle likitoci sun yi gargaɗi a kan shafa wa jarirai, domin yana fasa ƙwayoyin jinin masu wata larura ta gado da ake kira ƙarancin G6PD.

Kammalawa

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023 bai ƙyale wannan yanki ba. Dakarun RSF sun shiga Wad Madani a Disamba 2023, suka kama Sinja a ƙarshen Yuni 2024, kafin sojoji su ƙwato ta a Nuwamba na shekarar. Jama'a da dama na jihar Sinnar sun bar gidajensu, jikokin masu ƙaura suka sake zama masu ƙaura. Itacen lalle yana iya jure irin wannan rashi: idan fari ya tsananta yakan zubar da ganye ya yi kamar ya mutu, alhali saiwarsa tana raye. Wanda Allah ya maido shi gida ya tarar da nasa ya yi ƙaya ya bushe, kada ya yi gaggawar tumɓuke shi. Ya kankare ɓawon kusa da gindi, in ya ga kore, ya sare shi ƙasa-ƙasa gab da damina, ya zuba masa ruɓaɓɓen taki da ruwa. Tohon da zai fito ba shi da ƙaya, kuma ganyensa ya isa ƙunshin amaryar farko da za a ɗaura wa aure a gidan.